Aman Jini a Bakin Kanal: Nazarin Lamarin Wani Manomin Rani a Ƙasar Kura

An kawo shi asibitin da nake aiki bayan sallar isha'i, kwance a bayan a-kori-kura, mahaifinsa yana tallafe da kansa, ƙaninsa kuma yana riƙe da kwanon da ya yi amai a ciki domin mu gani da idonmu. Abin da ke cikin kwanon jini ne, wani ja jawur, wani kuma ya daskare guda-guda. Magidanci ne ɗan shekara 31, manomin shinkafa da tumatir daga wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Garun Malam, kuma a faɗar 'yan'uwansa ya wuni a gona lafiya ƙalau, sai bayan magariba ya ji jiri da tashin zuciya, ya yi amai sau biyu, a na biyun ya faɗi. Na ɓoye sunansa da na ƙauyen da gangan.

Bugun zuciyarsa yana sauri, hawan jininsa ya faɗi, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, kuma awon PCV, wato na yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya nuna kashi 18 cikin 100 kacal. Muka sa masa ruwa, aka ɗebi jinin ƙaninsa da na wani maƙwabcinsu aka ƙara masa leda biyu kafin asuba. Wannan duka aikin gaggawa ne da kowane likita ya sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na ji a ƙarƙashin hannuna sa'ad da na taɓa cikinsa, domin saifarsa ta kumbura ta sauko har kusa da cibiya, tauri gare ta, ɓangaren hagu na hantarsa ma ana jin sa a ƙasan ƙirji. Aman jini tare da babbar saifa yana sa tunanin likita ya tafi kan hantar da ta lalace, amma mutumin da ke gabana bai yi kama da mai lalatacciyar hanta ba. Idonsa ba shawara, cikinsa ba ruwa, ƙafarsa ba kumburi, damatsansa cike suke irin na mai riƙe garma, kuma da jini ya shiga jikinsa ya amsa tambayoyina da cikakken hankali.

Mahaifinsa ya ja ni gefe da safe ya ce, "Likita, ka faɗa mini gaskiya, irin ciwon baffansa ne?" Ƙanin dattijon ya rasu shekaru kaɗan kafin nan, bayan idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya cika da ruwa, ya yi aman jini, a ƙarshe kuma ya riƙa surutai bai san inda kansa yake ba. Sun adana katin asibitinsa, kuma katin ya nuna yana ɗauke da cutar hanta nau'in B. A wurin iyalin magana ta ƙare: ciwon hanta ne na gado, ya ɗauki ɗaya ya dawo ɗaukar na biyu. Na ce masa, "Baba, a yi mana haƙuri har sakamako ya fito, amma abin da nake gani bai yi kama da wancan ba."

Tarihin rayuwarsa shi ya fara nuna hanya. An haife shi a cikin yankin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, kuma tun yana ɗan shekara biyar ko shida yake wanka a kanal da kama kifi a magudanai. Da ya girma ya shiga dashen shinkafa, wanda aiki ne na tsayuwa cikin ruwa ba takalmi tun hantsi har la'asar. Bai taɓa yin fitsarin jini ba, shi ya sa ko sau ɗaya ba wanda ya kawo masa zancen tsargiya, tunda a wurin mutanenmu tsargiya ita ce jini a ƙarshen fitsarin yaro. Abin da ya daɗe yana fama da shi shi ne ciwon mara da gudawa jefi-jefi mai yauƙi da ɗigon jini, wanda aka sa wa suna basir, ya sha jiƙe-jiƙe da garin magani na shekaru. A makon da abin ya faru kuma yana shan ƙwayoyin ciwon jiki da ya saya a kemis, irin su diklofenak, saboda gajiyar aiki.

Gwajin jini ya ƙara ƙarfafa zaton da nake yi na tsargiya. Ba a sami cutar hanta nau'in B ko C ba. Albumin, furotin ɗin da hanta ce kaɗai ke ƙera shi, yana daidai, bilirubin mai jawo shawara yana daidai, lokacin daskarewar jininsa ma bai yi nisa da na mai lafiya ba. Ƙwayoyin daskarar da jini da fararen ƙwayoyin jini su ne suka ragu, wanda aikin babbar saifa ne, domin takan tara su ta riƙe. Mun duba bayan gidansa sau biyu ta hanyar Kato-Katz, gwajin neman ƙwan tsutsar tsargiya, ba mu ga ƙwai ko ɗaya ba, kuma wannan bai ba ni mamaki sosai ba, saboda gwajin yana duba miligiram 41.7 ne kawai na bayan gida, kuma wanda ya daɗe da cutar ƙwan da yake fitarwa kan yi ƙaranci. Muka tura shi wani babban asibiti a cikin birnin Kano. A can na'urar leƙen ciki ta nuna jijiyoyin jini sun kumbura sun yi tudu-tudu a ƙarshen bututun abinci, aka ɗaure su da zoben roba. Hoton sikanin ya nuna fatar hanta sumul, ba ƙuraje irin na lalatacciyar hanta, amma a cikinta akwai fararen layuka masu kauri da suka rungume rassan babbar jijiyar da ke shigowa daga hanji, irin kamannin da tsarin Yamai na 1996, wato ƙa'idar karanta hoton sikanin masu tsargiya, ya tanada wa matakan tabon tsargiya. Aka kuma tsinko ɗan guntun fata daga cikin dubura, wanda bai wuce ƙwayar gero ba, aka raba shi biyu.

Rabin farko an matse shi tsakanin gilashi biyu aka sa a ƙarƙashin madubin likita nan take, sai ga ƙwai a warwatse, dogaye, kowanne da ƙaya guda a gefensa. Wannan ƙayar ta gefe ita ce tambarin Schistosoma mansoni, tsutsar tsargiyar hanji, domin ƙwan 'yar'uwarta mai jawo fitsarin jini ƙayarsa a ƙarshen wutsiya take. Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1907 aka ware mai ƙayar gefe aka ba ta sunanta. Rabin na biyu an jiƙa shi a fomalin, aka dasa shi cikin kaki, aka yanka shi falle-falle kaurin maikiromita 4 zuwa 5 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), aka rina shi da rini biyu, ɗaya mai sa tsakiyar ƙwayar halitta ta yi shuɗi, ɗaya mai sa jikinta ya yi ja-ja.

Kafin a fahimci abin da gilashin ya nuna, sai an san yadda bangon hanji yake a wurin mai lafiya. Daga tumbi har dubura bangon hawa huɗu ne. Na ciki shi ne shimfiɗar da abinci ke gogawa, a ƙarƙashinta akwai sassauƙan nama mai ɗauke da jijiyoyin jini, sannan tsoka mai hawa biyu, ɗaya ta zagaye hanjin ɗaya ta bi tsawonsa, su ke tura abinci gaba, sai kuma siririyar fata ta waje. A ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita 6, shimfiɗar ciki ta miƙe ta zama 'yan yatsu ƙanana da tsayinsu bai wuce milimita ɗaya ba, jere kamar gashin tawul, kuma kowace ƙwayar halitta da ke kansu tana da nata gashin da ya fi wannan ƙanƙanta, har jimillar filin tsotson abinci ta kai kusan murabba'in mita 30. Babban hanji, mai kimanin mita ɗaya da rabi, ba shi da waɗannan yatsun. Shimfiɗarsa a baje take, an huhhuda ta da ramuka miƙaƙƙu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, bangonsu cike da ƙwayoyi masu siffar tulu da ke zubo yauƙi domin bayan gida ya wuce ba gurzawa. Daga gindin ramukan ake haifar sabbin ƙwayoyi, su hauro su faɗi, ta yadda shimfiɗar ke sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5.

A gilashin manominmu ramukan suna nan a tsaye yadda ya kamata, ƙwayoyin tulu ma suna nan, amma naman da ke tsakanin ramukan ya cika da iyosinofil, fararen ƙwayoyin jinin da jiki ke turawa yaƙi da tsutsa, waɗanda rini ke mai da su ja kamar garin barkono. A hawa na biyu kuwa akwai ƙwai, wasu da ɗan tayinsu a ciki, wasu sun mutu sun yi duhu, wasu saura ɓawo kawai, kuma kowanne jiki ya kewaye shi da ƙulli na ƙwayoyin kariya. A wurare biyu an ga inda shimfiɗar ta ɗan fashe a saman ƙwan. Wannan shi ne basir ɗin da ya sha wa magani shekara da shekaru, ƙwai ne ke huda bangon hanji domin su fita, kowanne ya bar ɗan rauni mai zubar da ɗigon jini da yauƙi. Ya kuma bayyana abin da ya sa bai rame ba, domin wannan tsutsa ta fi son jijiyoyin babban hanji da dubura, ƙaramin hanjin da ke tsotse abinci kuwa ta bar shi yana aikinsa.

Hanyar da tsutsar ke bi ta kai nan ta cancanci a faɗe ta a taƙaice. Ƙwan da ya fita a bayan gida, idan ya sami ruwa mai daɗi, yakan ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata katantanwa mai faɗi da ake kira Biomphalaria, wadda ke son ruwa mai tafiya a hankali da ciyawa a gefe, wato ainihin siffar magudanan noman rani. Bayan makonni katantanwar takan riƙa sakin 'ya'yan tsutsa masu wutsiya mai reshe biyu, musamman da tsakar rana, su huda fatar wanda ke cikin ruwan, su bi jini ta huhu su isa hanta, su balaga cikin mako 4 zuwa 6. Namiji yakan rungumi mace a cikin wani kwari da ke jikinsa, su yi iyo suna fuskantar jini har su kai ƙananan jijiyoyin hanji, inda macen ke zuba ƙwai kusan 300 a kowace rana, shekara uku zuwa goma, wani lokaci fiye da haka. Tsutsar ba ta hayayyafa a jikin mutum, kowace ɗaya daga ruwa ta shigo, don haka yawanta lissafin kwanakin da mutum ya yi a kanal ne. Kusan rabin ƙwan, ko fiye, ba ya samun fita. Jinin da ke barin hanji ya kwashe shi, kuma jinin hanji wuri ɗaya yake zuwa.

Duk jinin da ya bar hanji da tumbi da saifa yana taruwa ne a jijiya guda da ke shiga hanta ta ƙasanta, wadda zan kira jijiyar ƙofa. Ita ke kawo kusan kashi 75 cikin 100 na jinin hanta, ragowar 25 kuma wata jijiya mai bugawa ce ke kawo shi daga ɓangaren zuciya, cike da iskar oksijin. Na fi samun sauƙin bayyana wa ɗalibai da majinyata tsarin cikin hanta da abin da suka sani a gona, kuma a wannan yanki misalin ya zauna daram. Jijiyar ƙofa ita ce babban kanal. Tana rarrabuwa zuwa ƙananan magudanai, su ma su rarrabu, har a isa fangali. Fangalin hanta shi ne abin da masana ke kira lobul, ɗan fili mai kusurwa shida kamar gidan saƙar zuma, faɗinsa kimanin milimita ɗaya, wanda Francis Kiernan ya zayyana tun 1833. A kusurwoyinsa abubuwa uku ke tafiya tare cikin riga ɗaya ta zaren nama: reshen jijiyar ƙofa, reshen jijiya mai bugawa, da ɗan bututun da ke kwashe ruwan matsarmama. A tsakiyar lobul kuma akwai jijiya guda da ke tattara jinin da ya gama aiki ta fitar da shi zuwa zuciya, kamar magudanar da ke janye ruwa daga ƙarshen gona.

Tsakanin kusurwa da tsakiya ƙwayoyin hanta ne jere cikin layuka masu kaurin ƙwaya ɗaya, kowace faɗinta maikiromita 20 zuwa 30, kuma a tsakanin layi da layi akwai 'yar siririyar hanyar jini da ake kira sinusoyid, wadda faɗinta bai fi maikiromita 10 zuwa 15 ba, wato da kaɗan ta fi jar ƙwayar jini. Bangon sinusoyid rariya ne, cike da hudoji, kuma tsakaninsa da ƙwayoyin hanta akwai ɗan rata da ke ɗauke da sunan Disse, inda ruwan jini ke tsiyayowa ya wanke fuskar ƙwayoyin kai tsaye. A nan ake karɓar sukari a ajiye, a nan ake sarrafa magani da guba, a nan ake zuba albumin da sinadaran daskarar da jini. A cikin sinusoyid akwai masu gadi, ƙwayoyin da Kupffer ya bayyana a 1876, masu haɗiye ƙwayoyin cutar da suka kuɓuce daga hanji. A cikin ratar Disse kuma akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da aikinsu a zaman lafiya ajiyar bitamin A ne, amma idan aka tsokane su sai su koma masaƙa, su riƙa fitar da zaren kolajin, wanda shi ne tabo. Jini yana tafiya daga kusurwa zuwa tsakiya, ruwan matsarmama kuma yana bin wasu ƙananan kwaruruka tsakanin ƙwayoyin ya nufi kusurwa, suna saɓawa ba sa haɗuwa.

Yanzu sai a auna ƙwan da wannan hanya. Tsawonsa maikiromita 114 zuwa 180 ne, faɗinsa 45 zuwa 70, don haka ba yadda za a yi ya shiga sinusoyid. Yakan maƙale a ƙaramin reshen jijiyar ƙofa, a kusurwa, kafin bakin fangali. Duk labarin wannan majinyaci yana cikin wannan bambancin awo.

An ba shi firazikwantel, maganin kashe tsutsar, miligiram 40 a kowane kilo na nauyinsa, wanda ya kama ƙwaya uku da rabi masu miligiram 600, bayan ya ci abinci, aka maimaita bayan wata guda saboda maganin ba ya kashe 'ya'yan tsutsar da ba su balaga ba. Aka ɗora shi kan firofiranolol don rage matsin jini a jijiyar ƙofa, aka hana shi ƙwayoyin ciwon jiki masu cin bangon tumbi, aka ba shi ranakun dawowa domin a ƙarasa ɗaure jijiyoyin, tunda zama ɗaya ba ya isa. Ya je na biyu, bai je na uku ba. Lokacin ya faɗo daidai da ɗibar tumatir, kwanduna suna fita kasuwar Kwanar Gafan kullum, kuma tumatir ba ya jiran kowa. Ga kuɗin mota da na aikin. Ban ga laifinsa sosai ba, kuma ina ganin mu ma da muka sallame shi ba mu tambaye shi kalandar gonarsa ba kafin mu rubuta ranakun. Maganin matsin jinin ya ƙare bai sabunta ba. Bayan wata bakwai ya sake aman jini, wanda ya fi na farko, aka ƙara masa leda huɗu. Ganin girman saifar, da ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini, da nisan gidansa daga wurin da ake da na'urar leƙen ciki, likitocin tiyata suka yanke shawarar cire saifar tare da ɗaure jijiyoyin da ke kewaye da saman tumbi, kuma a yayin aikin suka yanko ɗan yanki daga gefen hanta.

Na je na zauna da likitan da ke karanta gilasan, muka duba tare. Ko da ido, kafin a kai ga madubi, ana ganin fararen zobba masu kauri a jikin yankin, kowanne da 'yar huda a tsakiya. Wannan ne abin da Symmers ya bayyana a Masar a 1904, ya kamanta shi da karan lofe na farin yumɓu da aka soka cikin hanta. A ƙarƙashin madubi, da rinin da ke mai da kolajin shuɗi, kusurwoyin sun yi faɗi ninki da yawa, sun zama tafkuna shuɗaye kamar an zuba baba. A cikinsu jijiya mai bugawa tana nan, har ta yi kauri ta yi rassa, bututun matsarmama yana nan lafiya, amma reshen jijiyar ƙofa a wasu kusurwoyin ya matse ya zama 'yar tsaga, a wasu ya ɓace gaba ɗaya, sai tarkacen tsokar bangonsa a warwatse da wasu ƙananan hanyoyin jini masu siririn bango da suka tsiro a madadinsa. Ƙwai kaɗan muka gani, yawancinsu ɓawo ne a tsakiyar tsohon ƙulli da ya zama zobe kan zobe kamar yankakkiyar albasa. Ƙullin nan shi ne asalin ɓarnar, kuma shi ne kariyar a lokaci guda, domin ƙwan yana tsiyayar da sinadarai masu cutar da ƙwayoyin hanta, jiki ya killace shi, amma saƙonnin da ƙwayoyin kariya ke aikawa, musamman wanda ake kira IL-13, su ke tayar da masaƙan kolajin. Ƙwai ɗaya ba ya yin komai. Ɗaruruwa a kowace rana na shekara ashirin su ke cike magudana.

Da muka matsa daga kusurwa muka shiga cikin lobul, sai ka ce wata hanta ce dabam. Layukan ƙwayoyin suna miƙe, kaurin ƙwaya ɗaya, sinusoyid a buɗe, jijiyar tsakiya tana inda take. A cikin ƙwayoyin Kupffer akwai baƙin gari-gari, ragowar jinin da tsutsa ta ci ta amayar, wanda ya yi kama ƙwarai da wanda zazzaɓin cizon sauro ke bari, kuma a ƙasarmu mai yiwuwa duka biyun ne. A kewayen wasu jijiyoyin tsakiya mun ga 'yan wuraren da ƙwayoyi suka mutu, kuma wannan ya dame ni fiye da shuɗin, domin ƙwayoyin tsakiya su ne na ƙarshen layi wajen samun oksijin, kuma hantar da ta dogara ga jijiya mai bugawa takan ji jiki duk lokacin da hawan jini ya faɗi. Kowane aman jini yana cin wani abu daga cikin amfanin gonar da tabon ya ƙyale.

Da wannan na koma wurin mahaifinsa. Na ce masa a gonar ɗansa magudanar da ke kawo ruwa daga kanal ce ta cushe, amma shukar tana nan kore, saboda akwai injin ban ruwa da ke ba ta ta wata hanya. Ruwan kanal da ya rasa mashiga shi ne ya koma baya, ya kumbura saifa, ya nemi tsofaffin ƙananan hanyoyi ta bangon bututun abinci, waɗanda ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi ba, har ɗaya ta ɓalle. A ciwon baffa kuwa, gwargwadon abin da katinsa da alamominsa suka nuna, cutar a cikin shukar take, domin ƙwayar cutar nau'in B a cikin ƙwayoyin hanta take zama, jiki ya yi ta kashe su suna sake tsirowa a dunƙule, tabo ya ratsa lobul ya haɗa kusurwa da tsakiya, kolajin ya cika ratar Disse, hudojin rariya su toshe. Daga nan albumin ya ragu ruwa ya taru a ciki, bilirubin ya hau ido ya yi ɗorawa, gubar da ke zuwa daga hanji ta wuce ba a tace ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ana iya yashe magudanar. Na gaya masa cewa a yara da matasa, idan an kashe tsutsar da wuri, tabon kan ragu har hoton sikanin ya nuna, amma wanda ya yi kauri ya shafe jijiya irin na ɗansa ba ya komawa yadda yake, abin da ake nema shi ne kada a ƙara masa, kuma kada jijiya ta sake fashewa.

A ganina wurin da aka yi asara mafi girma a wannan lamari ba ɗakin tiyata ba ne, shekarun basir ne. Cikin waɗanda ke ɗauke da wannan tsutsa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke kaiwa ga irin wannan tabo, kuma yana ɗaukar shekara 5 zuwa 15 kafin ya kafu, wato akwai dogon lokaci da ƙwayoyi uku ko huɗu a shekara za su iya tare shi. Rabon maganin da ake yi a makarantun firamare yana da amfani, sai dai yaron da ke tsangaya ko bayan shanu, da matashin da ya riga ya shiga dashe, sau da yawa rabon ba ya isa gare su, alhali su suka fi kowa daɗewa a ruwa. Mu ma'aikatan lafiya kuma mun saba tambayar fitsarin jini, idan aka ce babu sai mu rufe babin tsargiya, kamar tsutsar iri ɗaya ce.

Bayan tiyata an yi masa allurar rigakafin cutar nimoniya, aka ja masa kunne cewa wanda ba shi da saifa zazzaɓin cizon sauro kan yi masa tsanani, don haka gidan sauro wajibi ne, kuma duk zazzaɓi a zo asibiti a ranar. Ƙwayoyin daskarar da jininsa sun hau cikin makonni, kuma leƙen da aka yi masa bayan wata shida ya nuna jijiyoyin sun lafa. Bai bar noman rani ba, ban kuma nemi ya bari ba, tunda da shi yake ci da iyalinsa. Ya sayi dogon takalmin roba, ya ce yana sa shi wajen ban ruwa, amma wajen dashe laka tana riƙe shi, sai ya tuɓe. Mun tsara zai riƙa shan firazikwantel sau ɗaya a shekara bayan girbin rani, ranar dawowarsa kuma yanzu muna sa ta ne a tsakanin girbi da shuka.

Ƙanin da ya ba shi jini a daren farko ɗan shekara 19 ne, kuma tare suke shiga ruwa. Na nemi ya kawo bayan gidansa duk da cewa bai yi kukan komai ba. A gilashi ɗaya an ƙirga ƙwai 19 masu ƙayar gefe, wanda idan aka ninka sau 24 ya ba da 456 a giram guda, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 400 zuwa sama kamu ne mai nauyi. Saifarsa ba ta taɓuwa, sikanin kuma ya nuna 'yan fararen zobba sirara a rassan nesa kawai. Ya sha maganin a gabana bayan ya ci ƙosai da koko, ya yi jiri da murɗawar ciki na yini ɗaya, kuma an rubuta masa ranar maimaitawa tare da yara huɗu na gidan da su ma aka samu da ƙwan.